Bashin da Magada Ba Za Su Iya Biya Ba

A ƙarshen watan Afrilun 2018 'yan bindiga suka far wa masu haƙar zinare a Janruwa, cikin ƙasar Birnin Gwari, suka kashe mutum 14. Mako guda bayan haka, ranar 5 ga Mayu, aka shiga Gwaska aka kashe fiye da mutum 40, har da mata da yara, aka cinna wa gidaje wuta. Cikin waɗannan bayin Allah babu wanda ya wayi gari da sanin cewa kwanansa ya ƙare. Mai haƙa ya fita da diga da tocila da ruwan sha a jarka, yana lissafin abin da zai samu ya sayi taki kafin damina ta kankama, ko ya ƙarasa haɗa lefe. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Mutuwa rigar kowa ce, kuma mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar wani ya taso daga birni ya tuna musu da ita. Sun ɗauko gawa daga gona, sun ɗauko daga hanyar Kaduna da ta Funtuwa, sun ɗauko daga bakin rami. Masu bukatar tunatarwa su ne waɗanda arzikin irin wannan ƙasa yake ƙarewa a hannunsu, suna zaune can nesa inda ƙarar bindiga ba ta kaiwa, har mutum ya fara jin kamar yana da sauran lokaci mai yawa. Da su nake magana, da mu kuma da muke kwana muna burin zama kamarsu.

Zinare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, ake haƙarsa a Birnin Gwari da kewaye. Wanda bai ga yadda ake aikin ba da wuya ya san wahalarsa. Rami ne matsattse mai zurfi, a zura matashi da igiya, tocila ɗaure a goshi, ya yi ta saran dutse a inda iska ba ta wadata ba. A cika buhu a jawo sama, a kai inji a niƙa, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi, hayaƙinta ya shige ƙirjin mai ƙonawa. Abin da zai rage bayan wahalar kwanaki ɗan ƙwaya ne da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Dillali yana zaune a inuwa da ɗan ma'auninsa na giram da jakar kuɗi, shi zai faɗi farashi. Wani lokaci ramin ya rufta da mutane. Wani lokaci gubar dalma da ke cikin dutsen ta biyo ƙurar har cikin gida: a 2015 ta kashe yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyar Birnin Gwari ta ɓangaren jihar Neja, a Zamfara kuwa waɗanda ta kashe daga 2010 sun haura 400.

Daga dillalin daji zuwa na gari, daga na gari zuwa babban dila a birni, zinaren da ya ci rayuka yana iya shiga aljihun riga ya ƙetare iyaka ba takarda ba rasit. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta fitar da bincike a 2024 cewa a shekarar 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare aƙalla tan 435 daga Afirka, na kimanin dala biliyan 31, kuma mafi yawansa Dubai ya nufa. A can ake narka shi a haɗe da na wasu ƙasashe, asalinsa ya ɓace. Kuɗin ma ba lallai su dawo gida ba. Suna iya zama bene a Dubai, ko ajiya a wani banki da sunan wani kamfani. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinan ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya a madadin al'umma. Malamanmu na Malikiyya tun tuni sun sa al'amarin ma'adini a hannun shugaba domin maslahar jama'a, sun kuma wajabta zakka a kan zinaren da aka haƙo da zarar ya kai nisabi, ba sai shekara ta zagayo ba. Doka da shari'a sun haɗu a kan cewa akwai haƙƙin wasu a cikin ɗan ƙwayar nan. A ƙauyukan da ake haƙar kuwa, ba a ga inda haƙƙin ya sauka ba.

Alhali mutumin wannan ƙasa bai taɓa hutawa da biya ba. Birnin Gwari ƙasar noma ce, ta masara da dawa da waken suya da shinkafa, tana ciyar da Kaduna har da gaba da Kaduna. Da dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya koma maɓoyar 'yan bindiga tare da Kuyambana ta Zamfara da ke manne da shi, sai ya zama manomi a Randagi ko Kakangi ko Dogon Dawa sai ya biya kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. A aiko da saƙo, a faɗi adadi, a yanka wa'adi. Dattawan gari su zauna a zaure su raba kuɗin gida-gida. Wannan ya sayar da bijimin huɗa, waccan ta sayar da akuyar da take tanadi don auren 'yarta. A haɗa a ƙulle, a nemi mai ƙarfin zuciya ya ɗauka ya shiga daji, gari ya yi tsit ana addu'ar ya dawo. Masara ta bushe a tsaye tana jiran izini. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sha kokawa a bainar jama'a kan halin da talakawansa suke ciki, kuma a 2022 jagororin al'ummar masarautar suka fito fili suka ce abin da manoma suka biya ta wannan hanya ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira.

Ko a tsakiyar wannan zalunci akwai abin lura a zaman dattawan nan. Ba sa ɗora wa matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu abin da suke ɗora wa mai tarakta. Mai buhu goma da nasa, mai buhu ɗari da nasa. Mutanen da ba su taɓa zama ajin ilimin tattalin arziki ba sun san cewa kaya gwargwadon wuya ake aza shi.

Idan manomin ya tsira da amfanin gonarsa ya kai kasuwa, akwai kuɗin shiga, akwai na lodi, akwai na shinge a hanya, mai rasit da marar rasit. Idan ya sayi katin waya ko kwanon rufi, harajin VAT yana ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Malamin firamare da ma'aikaciyar jinya ba a ma tambayarsu. Kafin albashi ya faɗo a waya an riga an zare. To, manya fa? A 2017, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin VAIDS na yafe tara ga duk wanda ya fito da kansa ya bayyana abin da ya ɓoye, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ce mutum 214 ne kacal a faɗin Nijeriya suke biyan harajin da ya kai naira miliyan 20 a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Duk wanda ya san gidajen Maitama da Asokoro, ya san jiragen kashin kai da ke sauka a Abuja da Kano da Kaduna, ya san wannan adadi bai yi kama da arzikin da ido yake gani ba.

Ba a rami ake ɓoye irin wannan dukiya ba. Lauya ake nema a Landan ko Dubai, ya yi rajistar kamfani a wani tsibiri, galibi tsibiran Virgin na Birtaniya, inda haraji bai taka kara ya karya ba, kuma ba a fallasa mai kamfani. Kamfanin ba shi da ofis, ba shi da ko masinja, takarda ce kawai a cikin fayil. A sa sunayen daraktocin haya waɗanda ba su taɓa ganin mai dukiyar ba. Wannan kamfani shi zai mallaki gidan Landan, shi zai buɗe asusu, sau da yawa kuma shi kansa mallakar wani kamfanin ne a wani tsibirin. Babban ɗan kasuwa yana da tasa dabarar: ya sayar wa kamfaninsa na waje kaya da araha a takarda, wancan ya sake sayarwa da tsada, riba ta bayyana can inda ba a karɓar komai, a nan gida littafi ya nuna asara. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya jagoranta ya ba da rahoto a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta irin waɗannan hanyoyi, kuma kusan kashi biyu cikin uku ta hannun harkokin kasuwanci suke fita.

A Afrilun 2016 asirin wani kamfanin lauyoyi na Panama mai suna Mossack Fonseca ya tonu, takardu miliyan 11.5 suka faɗa hannun 'yan jarida. A Oktoban 2021 aka sake samun wasu kusan miliyan 12, waɗanda aka kira takardun Pandora. Jaridar Premium Times ce ta bi ɓangaren Nijeriya, sunayen gwamnoni da sanatoci da attajirai suka fito, na kudu da na arewa. Bayan tonuwar ta 2016, a Iceland firaminista ya sauka cikin 'yan kwanaki, a Pakistan kotun ƙoli ta tuɓe Nawaz Sharif a 2017. A nan an yi hayaniyar 'yan makonni aka wuce, duk da cewa kundin tsarin mulki ya haramta wa gwamna da minista da ɗan majalisa riƙe asusun banki a waje. Adalci ne a faɗi cewa buɗe kamfani a wata ƙasa ba laifi ba ne a karan kansa, kuma da yawa daga masu yi suna da lauyoyin da za su nuna ba a karya doka ko ɗaya ba. A Panama ma haka shari'ar Mossack Fonseca ta ƙare: a Yunin 2024 kotu ta wanke duk waɗanda aka gurfanar. Amma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin, Ramón Fonseca, bai ji hukuncin ba. Ya mutu a asibiti a watan Mayu yana da shekara 71, makonni kaɗan kafin a karanta. Ya yi shekaru yana gina wa masu kuɗin duniya maɓoya, aka kira shi inda ba a ɓoye komai.

Misalin da ya fi kusa da mu na san yana da zafi a arewa. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998 yana da shekara 54, yana kan ganiyar mulki, jam'iyyun ƙasar biyar duk sun tsayar da shi takara. A ranar aka kai shi Kano aka binne. Yana da masoya har gobe, masu tuna hanyoyi da magungunan hukumar PTF ta zamaninsa, kuma hisabinsa yana wurin Ubangijinsa. Allah ya gafarta wa musulmi baki ɗaya. Amma abin da kotuna suka tabbatar ba ya ɓoyuwa. A Disambar 2017 Suwizalan ta amince ta dawo da dala miliyan 321, waɗanda aka riƙa raba wa gidajen matalauta naira 5,000 a wata. A 2020 aka dawo da dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey, inda aka ajiye su da sunan kamfanin Doraville mai rajista a tsibiran Virgin, aka sa wani ɓangare a aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. Shekara 22 ke nan bayan an rufe kabarinsa. Kusan duk tsawon wannan lokaci kuɗin suna kwance a wani tsibiri tsakanin Ingila da Faransa, banki yana juya su, lauyoyi suna cin ladan aiki, wanda ya ajiye bai mori ko sisi ba. A cikin waɗannan shekarun ne hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai, ta lalace har ramukanta suka zama inda direba yake rage gudu a tare shi.

Na san wancan kuɗin baitulmali ne aka ɗiba, ba haraji aka ƙi biya ba. Amma hanyarsu ɗaya, lauyoyinsu ɗaya, tsibiransu ɗaya. A wurin marar lafiyar da ta je asibiti ba ta tarar da magani ba, kuɗin da aka kwashe daga asusun jama'a da waɗanda aka hana su shiga duk ciwo ɗaya suka bar ta da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun jana'iza a ƙasar Hausa ya san shelar da ake yi. Liman ko wani dattijo daga dangi zai ɗaga murya ya ce, jama'a, duk mai bin marigayi bashi ya ga ɗansa wane ko ƙanensa wane, wanda kuma ya ga zai iya yafewa ya yafe saboda Allah. Sai ka ji muryoyi daga sahu, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kafin a tashi zaman makoki mai shago zai zo da littafinsa, kuɗin sukari da sabulu. Mai taki zai zo ya ja babban ɗa gefe ya ce akwai buhu biyu tun bara. 'Ya'ya su biya tun ba a taɓa gado ba, suna godiya da aka faɗa musu. Wannan ba al'ada ce kawai ba. Ya tabbata cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum da ake bi 'yan dinarai kaɗan, ya dakata bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shi ya sa a fiƙihu aka jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: hidimar likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya, gado ya zo a ƙarshe.

To attajirin da ya yi shekara 30 yana karkatar da ribarsa zuwa tsibiri, ranar da aka shimfiɗe shi a gaban liman aka yi wannan shela, wa zai taso? Masu binsa ba su san suna binsa ba. Matar da naƙuda ta kama cikin dare a wani ƙauye bayan Kuyello, aka ɗora ta a babur saboda asibitin kusa ba ungozoma ba wuta, ba ta san sunansa ba. Yaron da ke zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye rufinsa bai san shi ba. Direban da aka tare a ramin hanya aka shige daji da shi bai san shi ba. Ba za su zo su ce mun yafe ba, domin ba wanda ya gaya musu akwai abin yafewa. Haƙƙin mutum ɗaya ana iya binsa har gida a durƙusa a roƙe shi. Haƙƙin mutum fiye da miliyan 200, waɗanda wasunsu sun riga sun mutu saboda rashin abin da aka hana su, a wace ƙofa za a tsaya a yi sallama?

Magada ma, ko da 'ya'yan kirki ne masu son sauke wa mahaifinsu nauyi, ta ina za su fara? An gina ajiyar ne musamman don kada a san mai ita. Abin da aka ɓoye wa hukumar haraji sau da yawa an ɓoye wa uwargida da amarya, an ɓoye wa 'ya'ya mata. Alƙalin kotun shari'a da zai raba gado a Kaduna ko Zariya abin da aka kawo gabansa shi zai raba, ikonsa bai kai fayil ɗin da ke tsibiran Virgin ba. Sai ɗa guda da ya san lauyan ya riƙe ya yi shiru, ko daraktocin haya su ce ba su san kowa ba, ko kuɗin su kwanta a banki ba mai nema. Tumunin mata ya salwanta, rabon marayu ya salwanta, 'yan uba su shafe shekaru a kotu ba sa gaisawa. Mutum ya ce don 'ya'yansa yake tarawa, ya tafi ya bar musu gaba, aka kuma ƙara masa wannan nauyi a kan na farko.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa, in na biya ina kuɗin za su? Ba wasu ne za su sace ba? Mutumin Birnin Gwari ya fi kowa cancantar faɗin haka, domin shi ne ya biya gwamnati ya kuma biya ɗan bindiga a shekara guda, wadda ya biya don ta kare shi ba ta kare shi ba. Kasuwar shanun garin ta yi kimanin shekara goma a rufe, sai a Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga. Amma shi ba shi da tsibirin da zai gudu. Wanda yake da muryar da ake ji a gidan gwamnati, wanda in ya kira gwamna zai ɗauka, shi ne ya zare kansa daga lissafin: ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa sola, ya ɗauki masu gadi, asibitinsa yana Masar ko Indiya, 'ya'yansa suna karatu a waje. Da kuɗinsa suna cikin asusun da ya tambayi inda aka kai su, kuma da an ba shi amsa. Satar da yake kafa hujja da ita, ficewarsa tana cikin abin da ya ba ta wurin zama. Shi kuwa jami'in da aka danƙa wa kuɗin jama'a ya cinye, nasa nauyin daban ne kuma ya fi muni, amma kowa da kabarinsa, ba a sauke wa wani don wani ya fi shi laifi.

Wani kuma ya ce, ni zakka nake fitarwa, ita Allah ya wajabta. Madalla, in dai ana fitarwa da lissafin gaskiya. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa buhu ɗaya cikin goma yake fitarwa, a lokacin girbi, maƙwabta suna gani. Mai kuɗi kashi biyu da rabi ne cikin ɗari, amma a kan dukiyar baki ɗaya, har da wadda ke Dubai da wadda aka rubuta da sunan kamfani. Rabon shinkafa da atamfa da azumi alheri ne, sai dai ba shi ne wannan lissafin ba. Sannan zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata, ba da ita ake shimfiɗa kwalta ba. Tirelolin attajiri a kan hanyar jama'a suke bi, kotun jama'a ce take kare yarjejeniyarsa, ma'aikatansa a makarantun gwamnati suka koyi karatu. Malamai sun yi saɓani a kan haraji, amma manya irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wani abu don tsaron ƙasa idan baitulmali ya gaza, bisa sharaɗin adalci da gwargwadon bukata, kuma a kan mawadata suka ce a ɗora.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin zafin haraji marar adalci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Turawa suka zo suka mayar da haraji da jangali ginshiƙin baitulmalin En'e, har yau tsofaffi suna ba da labarin yadda magidanci yake kwana a daji in an ce masu haraji sun iso. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta sha ɗauri da duka a kan wannan, har a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali. Abin da suka yaƙa shi ne a matse marar ƙarfi a ƙyale mai ƙarfi. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, Malam Aminu a 1983, Rimi a 2010, Balarabe a Nuwambar 2020. Har yau in aka ambace su a rumfar kasuwa za ka ji tsoho ya ce Allah ya jiƙansu, alhali bai taɓa karɓar ko kwabo a hannunsu ba. Wani nauyi suka sauke masa, bai manta ba.

Akwai motsi a yanzu, ba a musu. A Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, bayan doguwar taƙaddama da gwamnonin arewa kan rabon VAT tun daga taronsu na Kaduna a Oktoban 2024. Dokokin sun ɗauke haraji daga kan mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, sun kai na manya kashi 25 cikin ɗari. Tun 2023 hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe kundin da ake rubuta ainihin masu kamfani. A Majalisar Ɗinkin Duniya Nijeriya ce ta gabatar, a madadin Afirka, da ƙudurin Nuwambar 2023 na samar da yarjejeniyar haraji ta duniya. Ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, cikinsu har da Amurka da Birtaniya. Ina fatan duk su yi aiki. Amma yarjejeniyar sai 2027 ake sa ran kammala rubuta ta, kafin a sa hannu a aiwatar kuma wasu shekarun ne. Mai shekara 65 ko 70 a yau, ga hawan jini ga ciwon suga, bai kamata ya jingina lamarinsa ga wannan jadawali ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, kai ka san sunan kamfanin, ka san lambar lauyan, kai kaɗai ka san abin da ya kamata ka biya ba ka biya ba. Shanyewar ɓarin jiki a asuba ɗaya take zuwa. Mutum yana kwance a gadon asibiti a Alƙahira idonsa biyu, yana jin 'ya'yansa suna tambayar juna inda takardu suke, harshe ya ƙi motsi. Tun hannu yana iya riƙe biro, a kira akanta a ce masa ya yi lissafin gaskiya, a biya abin da doka ta ce, a fitar da zakkar shekarun baya domin wucewar lokaci ba ya kayar da ita. A rubuta komai a sa shaidu, a nuna wa iyali, mata da maza. In ba ka amince da hannun da zai karɓa ba, ka biya sannan ka bi sawu da muryar da Allah ya ba ka, ka tambayi kwamishina ina aka kwana kan asibitocin karkarar Birnin Gwari, ina aka kwana kan hanyar Funtuwa. Kai za a amsa maka.

Mu ƙanana ma ba mu fita ba. Dillalin zinaren da ya san ma'auninsa yana tauye wa yaran rami, da mai karɓar kuɗin kasuwa mai kundin rasit biyu a aljihu, ɗaya na hukuma ɗaya nasa, da mai shingen da yake karɓa a hannun direban masara, su nasu ya zo da sauƙi. Masu binsu suna nan kusa, sun san fuskokinsu da sunayen garuruwansu, ana iya mayar musu da kuɗinsu hannu da hannu ranar kasuwa mai zuwa.